Sunan da Na Haɗiye a Barikin Wurno

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru, Turawa ne ke mulkin ƙasar nan, ni kuwa saurayi ne ɗan Rabah mai murya da son babbar riga. In aka ce muryata ta fi ta wane, to ranar ko ban ci tuwo ba na ƙoshi. Sana'ata amshi. Ni ne babban ɗan amshin wani makaɗin kotso da ya yi suna tun daga Wurno har Goronyo. Ba zan faɗi sunansa ba, don zuri'arsa na nan, kuma ba shi ne mai laifi a labarin ba. Mu dai Baba muke ce masa. Mahaifina marini ne, da ya gaji da ganin ina tsaye bakin karofi ina rera waƙa kayan mutane na ɓaci, sai ya kama hannuna ya kai ni gidan Baba, ya ce ga shi nan, tunda bakinsa ya fi hannunsa aiki. A gidan na girma, a nan aka yi mini aure.

Wanda bai taɓa zama bayan makaɗi ba yana ɗauka amshi maimaita magana ne kawai. Ba haka abin yake ba. Makaɗi yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, shi kuma ya samu ya ja numfashi ya ɗauko na gaba. In ba a cafe ba, waƙa ta faɗi ƙasa a gaban jama'a. A gidanmu kuma akwai dokar da Baba ya kafa tun muna yara, da dundu da ranƙwashi ya koya mana ita: ƙaramin ɗan amshi ba ya buɗe baki kafin babba. Ya ce ta haka ne kawai muryoyi za su sauka tare su zama ɗaya. Saboda haka bakina suke kallo. In na buɗe su buɗe, in na rufe, ko rigarsu ta kama da wuta ba mai cewa uffan. Wannan abu ya daɗe yana fasa mini kai, har tafiyata ta canza.

A farko Baba makaɗin fada ne, yana yi wa wani mai sarauta a yankinmu waƙa. Mun ci daɗi, ba zan ɓoye ba. Riguna, hatsi, ragon layya, duk ba mu san ana neman su ba. Sai yaƙin Turawa ya zo, aka ce ana son maza su je haƙar kuza a duwatsun Jos, abin da mutane suka sa wa suna ɗibar gwamna. Kowane gari aka yanka masa adadin mutanen da zai kawo, kuma ba a tambayar mutum ko yana so. Wanda gidansu ke da ƙarfi, ko ubansa ke da fuska a fada, sai a tsallake shi a ɗauki ɗan wani a gurbinsa. Ranar da za a tafi da na yankinmu, an tara su a fili, iyaye mata na kuka, aka ce Baba ya zo ya ƙarfafa musu zuciya. Ya zo kuwa. Ya yi musu kirarin maza, muka karɓa masa da iyakar ƙarfinmu, har yaran da ɗazu ke share hawaye suka riƙa buga ƙirji suna tafiya kamar masu zuwa kokawa. Ranar an yaba mini ƙwarai.

Da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo sun dawo da tari, sun rame, suna ba da labarin sanyin da ba su taɓa jin irinsa ba. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya zo zauren Baba, ina zaune ina gyara tsarkiyar kotso. Bai zo da faɗa ba. Ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce ya zo ne ya yi masa godiya, domin a can in sanyi ya tsananta waƙar nan tasa suke rerawa su ji ɗumi, kuma akwai waɗanda suka cika da ita a bakinsu. Mutumin ya yi sallama ya tafi. Bayan 'yan kwanaki Baba ya ninke rawanin da aka ba shi na sarautar kiɗa, ya aika da shi fada tare da gaisuwa, ya ce tsufa ya kama shi, a yi masa afuwa.

Tsufan dai gaskiya ne, numfashinsa ya gajarta, amma waƙa bai bar ta ba. Sai ma ya shiga wata iri da ba mu saba ba. Ya rage saurin kiɗa, ya daina wasa kowa. Ya yi waƙa a kan ma'auna masu danne mudu da babban yatsa a kasuwar hatsi. Ya yi wata a kan shekarar da gulbi ya cinye shinkafar fadama amma masu karɓar haraji suka zo kamar ba abin da ya faru. Ya yi ta matan da ke dakan ƙaiƙayi da safe don maƙwabta su ɗauka akwai hatsi a gidan. Ya yi ta kansa, yana yi wa haƙoransa da gwiwoyinsa ba'a, yana lissafa mutanen da ya yaba a ƙuruciya alhali ya san ba su cancanta ba. A kasuwanni muke yi, da bakin fadama lokacin cirar albasa. Mutane ba sa shewa kamar da, sai dai su yi tsit, wani ya ajiye mana ɗan gero ya wuce yana goge ido.

Babbar cikinsu ita ce waƙar mutanen kuza. Baba ya hau jaki ya bi ƙauyuka, mu muna biye, yana tambayar sunan duk wanda aka ɗauka bai dawo ba, da sunan uwarsa, da na wanda aka tsallake aka ɗauke shi a gurbinsa. Ba a rubuta ko ɗaya ba, a cikinmu babu mai rubutu a lokacin. A bakinmu ya zuba su. Yadda ya gina waƙar shi ne, shi zai kira gari ya tambaya ina nasu suke, mu kuma mu amsa da sunayen, wane ɗan wance, ya tafi a gurbin wane. Ya ce ya sa sunayen a amshi ne don ƙirjinsa ba zai iya ɗaukar su ba, kuma don magana in ta fito daga baki da yawa ta fi wuyar ƙaryatawa. Daga can ƙarshen waƙar akwai wata 'yar tunga bayan Rimawa, wadda mutum ɗaya aka ɗauka a cikinta, ɗan wata bazawara mai sayar da daddawa. Shi kaɗai ta haifa. Duk ranar kasuwar Goronyo sai ta taho da ƙafa, ta ajiye tasarta kusa da inda muke zama, ta jira. In muka kai ga sunan ɗanta sai ta ɗaga kai ta ce na'am a hankali, kamar ita aka kira, sannan ta ɗauki kayanta ta tafi. Inna muke ce mata.

To ni fa a duk wannan zamani cike nake da haushi. A fuska ina biyayya, amma a ciki ina ganin tsohon nan ya gama cin duniyarsa sannan ya zo ya tuba a kan rabona. Rigunana sun koɗe. Abokaina da ke bin wasu makaɗa suna wuce ni a kan dawaki, ni ina jan jakin Baba daga wannan kasuwa zuwa waccan ina kiran sunayen matattu. Ba wai ban ji tausayin matan ba, ina ji. Amma tausayin ba ya hana ni kallon aikin wuyan rigar wani in haɗiyi yawu.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani Bature da akawunsa sun sauka barikin Wurno da injin ɗaukar murya, suna neman mawaƙa don a buga faifan garmaho, kuma an ambata musu Baba. Na daɗe ban ga tsohon nan cikin murna irin ta ranar ba. Ya tara mu ya ce ba tsofaffin waƙoƙin fada zai yi ba ko ɗaya, sababbin nan zai yi. Ya ce shi ya kusa tafiya, mu ma wata rana za mu bi shi, amma ya ji an ce faifai ba ya mantuwa. In sunayen nan suka shiga ciki, to shi ya sauke abin da ya ɗauka ranar da ya yi wa yaran mutane kirari. Ya aika aka faɗa wa Inna cewa nan gaba ba sai ta jira ranar kasuwa ba, duk inda akwai garmaho za a kira mata ɗanta.

Da hantsi muka isa bariki. Akawun, wani mutumin kudu mai Hausar kasuwa, ya yi mana bayani. Ya ce allura ce ke yanka muryar a kan faranti, abin da ta yanka ya yanku, ba a gogewa. Farantan da suka rage musu kaɗan ne, saboda haka kowace waƙa sau ɗaya za a yi ta, kuma dole a taƙaita, don faranti ba ya ɗaukar waƙa mai tsawo. In Bature ya sauke hannu mu fara, in ya ɗaga mu tsaya. Baba ya zauna da mu a gindin wata bishiyar bedi muka datse waƙoƙin. Da muka zo kan ta mutanen kuza ya zubar da nasa ɗiyan waƙar kusan duka, ya bar kiran garuruwa kawai, don sunayen su samu wuri.

A nan ne na ga mutumin. Wakilin tsohon ubangidanmu ne, an turo shi ya kula da saukar Baturen. Shi ne a zamanin ɗiba yake zagaya ƙauyuka yana nuna wanda za a ɗauka, kuma kowa a cikinmu ya san ɗansa ne aka tsallake aka ɗauki ɗan Inna, don sunan ɗan nasa na cikin amshinmu. Na je randa in sha ruwa sai ga shi kusa da ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi iyalina, ya ce tun da Baba ya bar fada har yau ba a sami wanda ya cike gurbinsa ba, kuma maigida yakan tambaya ina yaron nan mai murya. Ya dubi rigata daga sama har ƙasa, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya ce, "Wagga murya taka ba ta kasuwa ba ta, yaro." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin na daɗe ina yi wa kaina ƙaryar cewa tsorata ni aka yi. Bai ambaci waƙa ba, bai ce in yi ko in bari ba, bai ko ɗaure fuska ba.

Muka shiga ɗakin. An toshe tagogi da barguna, zafi kamar gidan burodi. Aka jera mu a gaban wani ƙarfe mai raga a baki, Baba a gaba, mu a bayansa. Wakilin ya sami kujera a gefe, daidai inda in na ɗaga ido sai mun haɗa. Muka yi waƙar mudu, ta fita lafiya. Muka yi ta gulbi, muka yi ta tsufa, har akawun na murmushi. Muryar Baba ta dushe, amma ranar akwai wani abu a cikinta da ban taɓa ji ba, ko Baturen da bai san me ake cewa ba ya daina taɓa injinsa ya tsaya kallonsa. Sannan aka ɗora farantin ƙarshe, Bature ya sauke hannu, muka shiga ta mutanen kuza.

Baba ya kira na Wurno, muka amsa. Ya kira na Rabah, muka amsa. Ya kira na Kagara, muka zuba sunayen ba tuntuɓe. Ina amsawa ina jin tungar bayan Rimawa na matsowa, goron nan na maƙale a kuncina. Na saci kallon wakilin. Ko kallona ba ya yi, carbi yake ja, idonsa a ƙasa. Sai Baba ya ɗaga murya ya tambaya ina na tungar bayan Rimawa yake. Sunan ya taho har kan harshena, na ji shi sarai. Na rufe bakina na haɗiye shi. Yaran da ke gefena suka dubi bakina, suka ga a rufe, suka yi shiru kamar yadda aka koya musu. Kotso kaɗai ke tafiya. Baba ya ɗauka ban ji ba ne, ya sake jefo tambayar da ƙarfi. Shiru. Ya kuma jefowa, bai waiwayo ba don an ce kada ya kau da baki daga ƙarfen. Da ya tabbata ba mai cafewa sai ya ja numfashi zai faɗa da kansa, tari ya sarƙe shi. Kafin ya lafa Bature ya ɗaga hannu, faranti ya cika.

Baba ya roƙi akawun a sake, har yana kama hannunsa, shi Baba da sarakuna ke yi wa shimfiɗa. Akawun ya yi magana da Baturen ya dawo ya ce babu sauran faranti, kuma gobe da sassafe za su wuce. Wakilin ya miƙe, ya yi wa kowa sannu da aiki, ya fita.

Muka kama hanyar komawa. Da muka kai bakin gulbi muna jiran jirgin fito, ɗaya daga cikin yaran ya kasa daurewa, ya taso mini yana tambayata me ya toshe mini baki. Ina neman ƙaryar da zan yi sai Baba ya daka masa tsawa daga kan jaki. Ya ce, "Ku bar shi. Ni na tsuhwa, ban jehwa mashi daidai ba." Alhali kuwa tunda nake bayansa bai taɓa jefo ɗan waƙa da kyau kamar wannan ba, kuma ya san na sani. Sannan ya laluba aljihu ya miƙo mini ɗan kanumfari, ya ce in tauna, wataƙila zafin ɗakin ne ya busar mini da maƙogwaro. Na karɓa na tauna. Wallahi da mari ya yi mini a gaban masu fito da ya fi mini sauƙi.

Kafin kaka na bar gidansa. Na je da 'yan dalilaina na iyali da na rashin hatsi, ya saurare ni har na gama, ya sa mini albarka, ya ba ni kotsonsa ɗaya. Na koma fada, aka naɗa mini rawanin da ya mayar. Na sami rigunan da nake so, har da doki. Da na tafi, amshinsa ya karye, don yaran ba su saba ja-gaba ba, shi kuma ƙirjinsa ya ƙi. Sannu a hankali ya daina fita kasuwa.

Bayan damina ta zagayo faya-fayan suka iso, kuma suka karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Duk mai garmaho a Wurno da Rabah da Goronyo, daga teloli zuwa masu shayi, ya mallake su. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda mutane suka fassara shirun nan. Suka ce hikimar Baba ce. Suka ce da gangan ya yi tambaya aka ƙi amsa masa, don a tuna da waɗanda suka mutu ba wanda ya san sunansu. Na ga dattawa suna hawaye daidai wurin. Ana tare ni a hanya ana ce mini ai wurin da kuka yi shiru ya fi duk waƙar, ni kuma in gyara rawani in yi murmushi in ce ai aikin manya sai manya. Na sha wannan yabo har na fara yarda da shi.

Wata ranar kasuwar Goronyo na shiga cikin sabuwar riga, na tsaya rumfar wani tela zan karɓi ɗinki. Yana ganina ya ɗora faifan mutanen kuza don ya girmama ni, jama'a suka taru. Sai na hangi Inna a bakin rumfar da tasar daddawarta a ka. Ta sauke ta tsuguna, ta karkata kunne. Aka kira na Wurno, aka kira na Rabah, aka kira na Kagara. Da Baba ya tambayi na tungarsu na ga ta ɗaga kai, bakinta ya buɗe tana shirin cewa na'am. Shiru ya biyo, sai tari, sai ƙarar allura. Ta daɗe a haka. Sannan ta roƙi telan ya sake sa mata, ta ce kunnenta ya yi nauyi, ta yiwu ya wuce ba ta ji ba. Ya sake wana injin ya sa. Ta saurara har ƙarshe. Na so in sulale ta bayan rumfa, amma ta riga ta gan ni. Ta matso, ba ta ko kula da rawanina ba, ta ce, "Ɗan nan, mi as sa ba a kira nawa ba? Na ji na kowa. Ko injin ba shi ɗaukar sunan ɗan talaka?"

Ga dama Allah ya ba ni a gaban mutane, in faɗi gaskiya, ko aƙalla in sunkuya in kira mata sunan ɗanta sau ɗaya, tunda a lokacin yana bakina. Amma rumfar cike take da 'yan fada da masu kai musu labari. Sai na ce mata mun faɗa, injin ne ya cinye, haka kayan Turawa suke. Ta gyaɗa kai ta yarda. Ta ce ba komai, Allah ya san da shi. Sannan ta yi mini addu'a doguwa, ta ce Allah ya saka mini da alheri saboda shekarun da na yi ina kira mata shi a kasuwa, ta ɗebi daddawa ta ƙulle a ganye ta ce in kai wa iyalina. Na karɓa da hannu biyu. Ban sake ganinta ba, daga baya na ji ta rasu.

Da ciwon ajali ya kama Baba na je gaishe shi sau ɗaya, shi ma sai da matata ta matsa mini. Na same shi kwance a zaure ya zama ƙashi da fata. Bai yi mini maganar bariki ba. Ya tambayi dokina, ya yi mini ba'a a kan tumbin da na ajiye. Sai da na tashi tafiya ya riƙe gefen rigata ya ce, "Sunan ga na bakinka. Kak ka bari shi hwaɗi." Na ce in Allah ya so ba zai faɗi ba. Na fita na hau doki, na koma wasa masu sarauta.

Shekaru suka tafi. Turawa suka tafi, sarautar ubangidana ta wuce zuwa wani gida, muryata ta dushe, wasu yara masu jini a jika suka karɓi fage. Ban taɓa rera waƙar mutanen kuza ba ko a cikin ɗakina, don ko tunaninta ba na so. Sai wata rana da safe ina zaune a ƙofar gida, na tsufa kamar yadda Baba ya tsufa, na ce bari in gwada ta a hankali ni kaɗai. Na Wurno suka zo, na Rabah suka zo, na Kagara suka zo, don su kunnena ya sha jin su a faifai. Da na kai tungar bayan Rimawa na buɗe baki, babu komai. Sunan wanda aka tsallake, ɗan wakili, yana nan daram. Na ɗan Inna ya tafi. Na yi ta juya harshe, na jero duk sunayen maza da na sani ko ɗaya zai zauna a gurbin, ba wanda ya zauna. Na nemi yaran da muka yi amshi tare, na tarar sun rasu, ɗayan da ya rage ya tafi kurmi tun da daɗewa ba a san inda yake ba. Na hau mota na je Rimawa, aka nuna mini kufai, aka ce mutanen tungar sun watse tun shekarun fari. Tsofaffin da na tambaya wasu sun tuna mai daddawa, amma ba wanda ya tuna ɗanta.

Abin da na koya, kuma da tsada na koye shi, shi ne ba sai mutum ya yi ƙarya ko ya ɗaga hannu ba kafin ya yi zalunci. Ni rufe baki kawai na yi na ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa ba, kuma na ce wa kaina gobe ma rana ce, zan gyara. Rigunan da na saya da shirun nan sun yage tun tuni. Ina jan kunnen matasa, musamman masu bin wani a sana'a, da duk wanda aka ba ajiyar magana: in lokacin faɗarta ya zo ku faɗa, ko wa ke zaune a ɗakin. Kada ku dubi fuskar mai ba ku goro. In kuma kun riga kun yi irin nawa, ku koma ku gyara tun masu haƙƙin na da rai, tun abin na bakinku, don ni na jira har ya zamana ba wanda zan nema gafara wurinsa.

Yanzu kullum in na idar da sallah ina yi wa Baba addu'a da sunansa, ina yi wa Inna. In na zo kan yaron sai in ce, ya Allah ka jiƙan ɗan matar nan, Kai ka san sunansa.